Ƙirga 'Ya'yanta, Juya Bayanta

Kwanan baya wasu samari uku suka tsaya a ƙofar shagona nan Gusau, suna jiran in sa wa ɗayansu gilashin laftof. Ina cikin kwance wata tsohuwar kwamfutar tebur sai na ji dogon cikinsu yana ce wa sauran, "Wannan aiki ai ba komai ba ne. Ka ɗauki hoton abin, ka tambayi waya, ta gaya maka." Na ɗago na yi masa wani kallo, sai da tsayinsa ya ragu da taƙi guda. Ban ce komai ba a lokacin, don bakina cike yake da sukuru. To ga amsar yanzu a rubuce, shi da duk ire-irensa su zauna su sha.

Ni ne Lawali, wanda ake kira Lawali Sukundireba tun daga Tudun Wada har Sabon Gari. Kwamfutocin da na buɗe a rayuwata, da za a jera su, da sun kai Funtuwa sun dawo, har a sami ragowar da za a yi wa Mada katanga. Duk da haka akwai ranar da wani abu da bai kai tsawon cokali ba ya sa na rasa inda zan sa kaina, kuma labarinsa zan ba ku.

Amma sai kun fara gane abin da ke cikin akwatin. Babban faifan nan kore da komai ke manne a jikinsa, wanda muke kira bod, ku ɗauke shi tashar mota. Firosesa shi ne direba. Ram, 'yan sandunan nan masu haƙoran zinari da baƙaƙen 'ya'ya jere a jiki, su ne wurin ɗora kaya, ana auna su da gig. To akwai wani ɗan abu da ke ɓoye ƙarƙashin ƙarfe mai tsefe, ba wanda ke kallonsa, ana ce masa cifset. Wannan shi ne sarkin tasha. Shi ke cewa wane direba zai yi lodi, kaya nawa za a ɗora, kuma wane irin buhu zai karɓa. In ya ce a'a, ko ka zo da takarda daga sama, mota ba ta tashi. Kowane sarkin tasha da lambarsa, kowanne da mugun halinsa.

Wanda ya koya mini halayen nan shi ne maigidana, Malam Bawa Mai-rediyo, mutumin Bunguɗu. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, da kwamfuta ta shigo gari ya ce ita ma ai waya ce da dalma. Wata uku na yi a shagonsa ban taɓa komai ba sai buroshin fenti na share ƙura da robar goge fensir da muke goge haƙoran ram. Kayan aikinsa duka ba su cika aljihu ba: sukundireba ɗaya mai maganaɗisu, mita mai allura, ƙarfen narka dalma, da wata 'yar sifika kamar marfin kwalba, wadda yake maƙala wa bod ya saurari kukanta. Kuka ɗaya gajere, lafiya lau. Kuka mai tsawo ana maimaitawa, ram ce ba ta yi ba.

Yana da wata al'ada da na ɗauka hauka ce. Duk bod ɗin da ta shigo shagon, ko me aka kawo ta gyara, sai ya ɗura mata ram har ta ƙi karɓa, ya canza mata firosesa har ta yi shiru, sannan ya ɗauki alli ya rubuta iyakarta a bango. Bangon nan ya cika da lambobi kamar allon ɗan makarantar da ya kusa sauka. Na tuna wani hedimasta da ya ba da tsohuwar bod ɗinsa mai sarkin tasha BX ya karɓo sabuwa mai 815, yana ta fara'a wai ya ci gaba. Da ya zo a ƙara masa ram, Malam Bawa ya nuna masa bango. Tsohuwar da ya yar tana ɗaukar gig guda cur, sabuwar kuwa daga rabin gig ta ja birki. Hedimasta ya cire hula ya zauna a kan talabijin ɗin mutane.

Sai kuma kalmarsa, wadda na ji ta fi sau dubu ɗari. Ba ya sa ram a rami sai ya shafa ta gaba da baya. In ya ga na ɗauko ina karanta takardar da ke manne a jiki, sai in ji ƙotar sukundireba a tsakar kaina.

"Lawali, takarda ɗan kasuwa yal liƙa ta. Ƙirga ɗiyanta, juya bayanta."

Na sami 'yanci, na buɗe shagona. Malam Bawa ya ci gaba har idanunsa suka fara yaji, sannan suka dushe, ya rufe shago ya koma gida Bunguɗu. Ni kuwa duniya ta juyo da laftof da manyan wayoyi. Kwamfutar tebur ta zama sai jifa-jifa. Duk abin da ya shige mini duhu sai in latsa waya, kafin in haɗiye yawu amsa ta fito. A hankali na kwashe abin da ke kaina na zuba a aljihu, ban ma san na yi ba. Kai ya zama fanko, sai hula.

Sai ga shekarar da aka kashe sabis. Ku da kuka yi wayo kun tuna: aka wayi gari a jihar nan waya ta zama madubi da tocila. Kasuwannin ƙauye a rufe, man fetur sai an sha wuya, hanya kuwa da la'asar ta yi kowa ya nemi gida. In kana son ka tambayi mutum ko ya tashi lafiya, sai ka shiga mota. Kowace tambaya tafiya ce. Shagona ya yi tsit har gizo-gizo ya fara karɓar baƙi a bakin ƙofa. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya, na share shagon sau bakwai a rana, na jera sukuru bisa tsayi, na warware na sake jerawa.

Ranar wata Litinin da hantsi, ƙarshen damina, sai ga Hajiya Luba daga Tsafe da akwatin kwamfuta naɗe cikin zane kamar jariri. Hajiya Luba tana da keken surfani na zamani, wani ƙato mai kawuna da yawa, tsohon yayi amma ƙarfe ne na gaske. Kwamfutar nan ce ke tura masa zane ta wata igiya mai faffaɗan baki, irin bakin da sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da shi. Mata shida ke ci a ƙarƙashin keken, masu yanke zare da ƙarasa baki da guga da ninki, yawancinsu daga ƙauyukan wajen Bilbis suka taso suka baro gonakinsu.

Ta dire akwatin a teburina ta ce, "Injiniya, tsawa ta faɗa mana daren shekaranjiya. Na latsa, na latsa, ko tari."

Na ce, "Hajiya, kin zo gidan magani. Ni da na tayar da kwamfutar da ta kwana uku a gulbi?"

"Ajiye gulbinka. Saurara da kyau. Akwai Alhajin da ya kawo mini shadda, manyan riguna na biki, aikin aska. Shi ke kawo mini aiki tun da na fara. Jiya ya zo ya ga keke shiru. Ya ce ran Juma'a zai dawo kafin masallaci. In ya iske keke na aiki, shi ke nan. In ya iske shiru, zai kwashe shaddarsa ya kai Zariya. Ka san kuwa aikin da ya tafi Zariya bai san hanyar dawowa ba. Matan nan shida ina zan ce su nufa?"

Na buɗe akwatin tana tsaye. Bod ta ƙone, har wani wuri ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Amma Allah ya taƙaita: faifan ajiya da ke riƙe da zanukanta lafiya, firosesa lafiya, wani mai kai huɗu, ram ma lafiya, sanda huɗu kowace gig biyu, takwas ke nan. Bod ɗin da ta mutu mai sarkin tasha P45 ce, mai ramin ram huɗu, irin wadda ko a lokacinta ba kowa ke da ita ba. Samun irinta a Gusau a wannan mako daidai yake da samun ƙanƙara a tsakar dajin Rugu.

Na ce ta koma, gobe ina tafe. Tana fita na jawo buhun tsofaffin bod daga ƙarƙashin tebur na zazzage. Cikin tarin nan uku ne masu rai da ke da faffaɗan bakin da keken ke so, kuma duka ukun gurbin firosesansu iri ɗaya ne da na Hajiya. Ɗaya 945, ɗaya G31, ɗaya G41. Hannuna da kansa ya tafi aljihu ya ciro waya. Na tsaya ina kallonta, tana kallona.

To nan ne darasi na farko, ku masu cewa ba komai. Gurbi ya yi daidai ba ya nufin an karɓe ka. Na ɗauki firosesan Hajiya na sa a 945, ya zauna daram kamar don shi aka haƙa ramin. Na kunna. Fanka ta juya, allo baƙi ƙirin. Sarkin tashar nan tsoho ne, bai taɓa jin labarin direba mai kai huɗu ba, kuma ba shi da niyyar ji. Sai a lokacin wani abu ya motsa a fankon kaina, na tuna ko da ya karɓa, 945 in ka ba ta gig huɗu uku da 'yan kai take nuna maka, ta haɗiye sauran ba ko godiya. Na jefa ta buhu.

G31 kuwa ta karɓi firosesan da hannu biyu. 'Yar sifika ta yi kuka ɗaya gajere, na yi tsalle har na buge kai da fankar shago. Matsalarta ɗaya, ramin ram biyu gare ta, kuma daga gig huɗu ta rufe ƙofa. Sanda biyu na Hajiya suka shiga, biyu suka zauna a tebur suna kallo. Na ce a raina, huɗu ma ai dukiya ce, mu da muka yi aiki da rabin gig muna taƙama.

Talata da sassafe na ɗauki akwati na shiga motar Tsafe. Shingen bincike ya fi gashin kaina yawa, a kowanne sai an ce in buɗe zanen, a leƙa, a ce, "Rediyo ce?" in ce, "Ƙanwarta ce." Na isa na haɗa igiya, matan nan shida sun kewaye ni kamar ana raba zakka. Kwamfuta ta tashi. Hajiya ta buɗe manhajar zanenta, ta buɗe ƙaramin fure, keke ya ɗinka shi tsaf. Na gyara hula na fara ba su labarin gulbi.

Hajiya ta ce, "Tsaya tukuna. Ba fure Alhaji ya kawo ba." Ta sa wani tsohon ƙyalle, ta buɗe zanen aska na babbar riga, mai ɗinki kamar yashin gulbin Sakkwato. Kwamfuta ta yi nishi. Ta ɗauki lokacin da za a dafa wake kafin zanen ya fito. Keke ya fara, ya yi kamar rubu'i, sai allo ya daskare, allura ta tsaya cak cikin ƙyalle, zare ya cukurkuɗe ya zama gidan tsuntsu.

Wata dattijuwa cikin matan, Inna Hassi, ta ɗaga ƙyallen ta duba ta ce, "Da shaddar Alhaji ce wagga, da yau mun kwana a Zariya mu ma."

Hajiya ta ce, "Injiniya, wanda ya haɗa mini ita a Kano ya ce kada ta gaza takwas. Ka ba ta nawa?"

Na ce, "Huɗu, amma huɗu masu albarka."

"To kwashe albarkarka ka je ka nemo sauran."

Na kwaso akwati na kamo hanya tun kafin la'asar, ba labarin gulbi.

Laraba na fuskanci G41. Wannan na tuna tana kai takwas, sanda biyu kowace gig huɗu, kuma tana karɓar mai kai huɗu. Sai dai tawa irin wadda ke cin ram ta zamani na gaba ce, DDR3, tsagar da ke tsakanin haƙoranta ba wuri ɗaya take da ta Hajiya ba, ko da guduma ba za su shiga ba. Wannan bai dame ni ba, DDR3 ai ta cika gari. Na buɗe durowa na ɗauko biyu sababbi fil, takarda ta ce gig huɗu huɗu. Na danna su, suka ce ƙyas. Na kunna.

Ƙiiii. Ƙiiii. Ƙiiii.

Na cire, na goge haƙora da roba, na hure rami, na mayar. Ƙiiii. Na sa ɗaya kaɗai. Ƙiiii. Na canza rami. Ƙiiii. Na rufe shago na bi abokan sana'a ɗaya bayan ɗaya, ƙafa da ƙafa tunda ba waya, daga bakin kasuwa har Samaru. Na aro sanda shida daga shago uku, duka sababbi, duka gig huɗu, kamfani daban-daban. Duk wadda na sa, kuka iri ɗaya. Wani abokina ya ce ramin ne ya mutu. Wani ya ce tsawar ce ta biyo firosesan. Wani ya ce in kai wa malamai. Har kan rufin shago na hau ina ɗaga waya sama, don an ce wani ya taɓa kamo sabis ɗin Katsina daga kan tankin ruwa. Abin da na kamo kawai shi ne mai shayin da ke ƙasa yana tambaya ko na fara kiran salla ne.

Kafin magariba na yanke hukunci: bod ɗin ce matacciya. Na ɗaga ta zan wurga buhu, sai na tuna Malam Bawa bai taɓa zubar da komai ba, ya koma Bunguɗu da buhuna. Wataƙila a ciki akwai wata G41, ko ma P45. Shekara biyu rabona da shi, kunya ta kama ni, amma Juma'a ta fi kunya kusa.

Alhamis da safe na zuba bod da sandunan a jaka na hau motar Bunguɗu. Na same shi a zaure kan buzu, ya rame, idanun sun yi fari fat. A gefensa wata tsohuwar kwamfuta ce ba allo, sai sifika, tana karatun Alƙur'ani a hankali. Ita ce ta ƙarshe da ya haɗa kafin ya rufe shago, ya saita ta da an latsa sai karatu. Ita ce abokiyar zamansa tun safe har dare.

Na yi sallama na durƙusa.

"Wa ka nan? Wagga murya ta mai ƙarya ce. Lawali?"

"Ni ne, Maigida. Allah ya ƙara lafiya."

"Amin. Sabis ya ɗauke, an tuna da tsoho. Mi kaz zo da shi?"

Na kwashe labari na gaya masa, ban ƙara gishiri ba ko ƙwaya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yaye ni. Na ce ko yana da wata bod a buhu, don wannan ta mutu.

"Wa yac ce ta mutu?"

"Sanda takwas na gwada, Maigida. Kuka take yi."

"Matacce na kuka? Miƙo ta."

Ya karɓi bod ya bi ta da yatsu, ya taɓa kawunan 'yan gwangwanayen ko sun kumbura, ya kai hanci ya sansana. Ya ajiye ta a cinya. "Miƙo ram."

Na sa masa ɗaya a hannu. Ya bi gabanta da babban yatsa, leɓɓansa na motsi. Sannan ya juya ta. Yatsan ya zame sumul daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba ko tudu ɗaya.

"Wata."

Na miƙa. Gaba, baya, sumul. Haka ya bi takwas ɗin nan duka, ni kuwa tun a ta biyu na ji ƙotar sukundireba tana tahowa daga shekara ashirin baya.

"Lawali."

"Na'am, Maigida."

"Ɗiya nawa?"

"Takwas."

"Bayanta fa?"

"Babu komai."

"Matso da kanka."

Na matsa. Ba sukundireba a kusa, da carbi ya yi amfani.

Ya ce, "Wanga sarkin tasha tsoho ne. Gig huɗu shina ɗauka a rami, gaskiya ne, amma sai an raba mai kayan ƙanana-ƙanana, ɗiya goma sha shida, takwas gaba takwas baya. Waɗanga na yanzu sun ƙulle kayan cikin manyan buhuna takwas, kowane buhu ya fi ƙarfin wuyanshi. Nauyi ɗaya ne a takarda, ɗauri ne daban. Abin da BX tay yi muna ke nan kana share ƙura. Ban rubuta a bango ba?"

"Ka rubuta."

"Ina kas sa shi?"

"A waya, Maigida."

"Tau, tambaye ta."

Na mayar da sandunan jaka. Sannan na ce, "Mai gefe biyu ta yi wuya yanzu. Jiya na zagaye Gusau, duk sababbi ne. Sai dai Kano, kuma ko na tafi yau ba zan dawo kafin gobe da hantsi ba."

Ya saurari karatun har mai karatu ya kai ƙarshen aya, sannan ya lalubo bayan kwamfutarsa ya kashe. Zauren ya yi tsit. Ya kwantar da ita, ya zare murfin, wanda dama ba sukuru a jiki, ya zura hannu ba tare da lalube ba. Ƙyas, ƙyas. Ya fito da sanda biyu ya ɗora mini a tafin hannu.

"Ƙirga."

Na ƙirga. Takwas. Na juya. Takwas.

Ashe ita ma G41 ce, kuma bisa al'adarsa sai da ya cika ta har iyakarta, gig takwas don karatun da rabin gig ya ishe shi.

Na ce, "Maigida, karatunka fa?"

"Wanda ke kaina ba a kashe mai sabis. Tashi, rana na yi."

Na dawo Gusau kamar an harbo ni daga gwafa. Na danna sandunan, na yi bisimilla, na kunna. Ƙit. Kuka ɗaya gajere. Allo ya kawo, ya rubuta takwas cif. Ihun da na yi, mai shayi ya ce sai da madararsa ta tsinke. Sauran yinin na ƙare ina lallashin faifan Hajiya ya saba da sabon gida, na buɗe zanen askar nan na rufe ya fi sau talatin. Amma lokacin hanya ya wuce, dole sai safiya.

Juma'a motar farko ta ƙi cika, ta biyu ta yi faci a hanya, shingaye kuma kamar an ƙara haifar wasu cikin dare. Na isa Tsafe rana ta take tsaka. A ƙofar Hajiya na ga mota a buɗe, Alhaji na tsaye da babbar riga yana duba agogo, direbansa ya riga ya sa ɗaurin shadda biyu a but. Matan suna zaune a inuwa. Inna Hassi ta riƙe ɗauri na uku a cinya, wai tana gyara igiya, ta kwance ta ɗaure, ta kwance ta ɗaure.

Na shige da akwati a ka ina cewa, "Gafara dai, likita ya iso!"

Alhaji ya ce, "Malam, an kusa shiga masallaci."

Na ce, "Alhaji, kafin ka gyara hula an gama."

Na haɗa igiyoyi. Ƙit. Hajiya ta buɗe zanen aska, ya fito tun kafin ta ɗauke yatsa. Ta miƙa hannu za ta ɗauko tsohon ƙyalle, sai ta fasa. Ta je ta karɓi ɗaurin da ke cinyar Inna Hassi, ta zaro shaddar Alhaji fara ƙal, ta ɗaura a keke. Ta dube ni.

"Injiniya, nawa ka ba ta?"

"Takwas."

"Masu albarka?"

"Masu gefe biyu."

Ta latsa. Keke ya ɗauka, tatatata, ya wuce rubu'in da ya tsaya ran Talata. Ya wuce rabi. Alhaji ya matso, ya sunkuya, ya manta da agogo. Da allura ta kai bakin askar farko ta juyo, sai ya miƙe ya ce wa direba, "Kai, sauke kayan nan, za mu makara." Inna Hassi ta rangaɗa guɗar da na tabbata an ji ta a Bilbis.

Kwana huɗu zauren Malam Bawa ya yi shiru kafin in samo wata 'yar gig biyu da kwamfutarsa za ta karɓa. Da zan kai masa, Hajiya, wadda na ba ta labarin inda ram ta fito, ta aiko da ƙunshi. Babbar riga ce mai aikin aska, ta ce ta mai ido a yatsa ce. Ni kuwa ta ce a gaya mini ladana na wurin Allah, kuma in rage ƙarya.

Na sa ram, karatu ya dawo daga inda ya saba farawa. Sannan na ɗora masa rigar a cinya na ce daga Tsafe. Ya bi aikin da yatsu tun daga wuya har aljihu, a hankali, bakin askar ɗaya bayan ɗaya. Ina jira ya yaba. Sai na ga ya zura hannu ciki, ya juyo rigar, yana shafa bayan ɗinkin.

Ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, "Wagga ta iya aiki. Kai kuma miƙo kanka, ram ɗin da kas sa mini yanzu ban ji ka ƙirga ba."